Ranar da Ƙafar Zalɓe Ta Taɓa Ƙasa

Sila ɗan Toma bai tashi da alamar zai yi suna a komai ba. Dogo ne siriri, wuya zaƙaƙam, in yana tafiya sai ka ce iska ce ke ba shi shawarar inda zai nufa. Gidansu na cikin gidajen Kirista uku ko huɗu da ke Madarunfa a wancan lokaci, can wajen hanyar tafki, kuma gero suke nomawa kamar kowa. Sai dai shi Sila, in an ba shi kunya ɗaya ya nome, sai Toma ya bi bayansa yana ba shukar haƙuri. An kai shi lakkwal, wato makarantar mishan, a Maraɗi, ya yi shekara biyu ya dawo da karatu kaɗan da waƙoƙin majami'a da yawa. Ya gwada kokawa sau ɗaya, aka kayar da shi tun makaɗi bai gama ɗaure kalangu ba.

Langa ce ta rufa masa asiri. Wasan kowa ya san shi: ka kama yatsan ƙafarka ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle a kan ɗayar, in ka saki ko ka faɗi ka mutu. Kowane gari na da ruwansa, wato mutum ɗaya da in ya kai ga bishiyar da aka sa a matsayin gida, garinsu ya sha. Sauran duk dawakai ne, aikinsu ture na gaba da kare nasu. Tun kakar 1960 Sila ne ruwan Madarunfa, kuma ba da ƙarfi yake yi ba, don ba shi da shi. Tsayawa yake yi. Sai ya kafe a kan ƙafar hagu a tsakiyar fili, fuska a sake, dawakan wancan gari su yi ta zagaya shi suna haki, shi kuwa har gaishe su yake yi, yana tambayarsu gajiya da mutanen gida. In ya ga gwiwoyinsu sun fara rawa, sai ya zare ta tsakaninsu, tsalle biyar shida ya dafa bishiya. Masunta ne suka fara ce masa Zalɓe, don sun ce tsuntsun nan na bakin tafki kaɗai suka sani da irin wannan tsayuwa.

Suka ci garin Sarkin Yamma, suka ci Ɗan Issa har a filinsu, suka ci ƙauyukan da yanzu in ka tambaye su sai su ce ba su taɓa yin langa ba. Cinyarsa ta hagu ta yi kauri ta bar ta dama a baya, har tela sai ya auna masa ƙafafun wando ɗaya bayan ɗaya. Abin da gari ke taƙama da shi kuwa magana ɗaya ce, yaro da babba sun haddace ta: ƙafar Zalɓe ba ta taɓa taɓa ƙasa a fili ba.

To, ta taɓa. Sau ɗaya, a kakar 1966, da la'asar, ranar da mutanen Gabi suka zo.

Wani attajirin gyaɗa daga Maraɗi ne ya sa tunkiya a wasan, 'yar uda, gaba baƙi baya fari, aka ɗaure ta a gefen fili kowa na gani. Gabi sun zo da wani doki mai suna Illo, gajere, kafaɗa kamar turmi, kuma shi bai yarda da zagaye-zagayen nan ba. Ya manne wa Sila, duk gaisuwar da aka yi masa bai amsa ba. Wasa ya yi tsawo, an kashe dawakai sai 'yan kaɗan, Sila ya zare ya nufi tsamiyar da aka sa a matsayin gida, Illo na biye. Daidai nan tunkiyar, wadda tun safe ba wanda ya tuna ya ba ta ko ruwa, ta tsinke igiya ta zura kai cikin tiren gyaɗar wata tsohuwa. Tsohuwa ta kwarma ihu, fili gaba ɗaya ya juya, har da dattijon da ke alƙalanci. Illo ya sa kafaɗa, Sila ya karkata, hannu ya kuɓuce, ƙafar dama ta dira a ƙasa. Ƙiftawar ido ce. Ya sake cafke ta, tsalle uku ya rungume tsamiya.

Illo ya saki tasa ƙafar ya yi ta nuna ƙasa yana ihu: "Ga ta ƙasa! Ga ta ƙasa! Wallahi ta taɓa!"

Alƙali ya dawo da tunkiya a hannu, ya dubi Sila ya ce, "Ɗan Toma, ta taɓa?"

Sila bai ce ta taɓa ba, bai ce ba ta taɓa ba. Haki ya yi ta yi, ya ɗaga hannu ya nuna tsamiyar da ya dafa. Alƙali ya ɗauki wannan a matsayin amsa, Madarunfa ta ɗauki Sila a kafaɗa, Gabi suka koma gida da Illo yana ta rantsuwa a hanya. Shekara goma Sila ya yi yana gaya wa kansa cewa shi dai bai yi ƙarya ba, haki ya yi. Haki kuwa ba zunubi ba ne, ya duba a duk abin da ya iya karantawa bai ga inda aka hana ba.

Tunkiyar nan ita ce mafarin arzikinsa. Ta haifi biyu, ta sake haifar biyu, ta ƙi mutuwa ta ƙi daina cin kayan mutane. Ya auri Alisabatu a shekarar da ta biyo, mace mai aiki da yawa da magana kaɗan, sai dai kaɗan ɗin kan ishi mutum kwana uku. A 1970 gwiwar hagu ta ce ta gaji, ya bar fili ba tare da an taɓa cin Madarunfa a hannunsa ba, ya koma kiwon raguna gadan-gadan. A nan aka gane cewa mutumin da bai iya noma ba ya iya jira. Yakan sayi rago rama-rama bayan kaka, ya ɗaure shi da harawa da dusa, ya yi ta kallonsa wata da watanni har sai ƙeya ta cika. Da fari ya zo a 1973 dabbobi suka yi ta zubewa a ƙasar nan, shi da Alisabatu suka bi gindin gawo suna tsintar 'ya'yansa buhu-buhu, suka yanko ciyawar bakin tafki, garkensu ya fita da rai. Bayan fari ba mai raguna kamarsa daga Madarunfa har iyaka.

Ya zama Kirista mai sayar wa Musulmi ragon layya, kuma layi ake yi masa. Dalili shi ne ba ya rantsuwa. A kasuwar dabbobi ta Ɗan Issa, inda dillali kan rantse sau bakwai kafin ya buɗe bakin rago, Sila sai ya ce, "Wanga yana tari da sahe," ko "Wanga ya girmi yadda ka gan shi." Mai saye ya tsaya baki buɗe, don bai saba ba. Alhazai suka riƙa aiko da saƙo daga Maraɗi a kamyo, babbar motar kaya, a ɗauko musu rago ba su gani ba, in dai Zalɓe ya ce lafiyayye ne. In gardama ta tashi a kasuwa kan wa ya riga sallamawa, shi ake kira. Makaɗa suka haɗa masa kirari guda, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, baki bai taɓa ƙarya ba, shi kuwa ya riƙa sunkuyar da kai in an yi, mutane suna cewa dubi tawali'u.

Ana saura mako biyu layya ta 1976 ya ga Illo a kasuwar Ɗan Issa. Da farko bai gane shi ba, don kafaɗun sun zube, furfura ta fito. Yana riƙe da igiyar wani rago fari yana ce wa Lawali mahauci shekararsa biyu, haƙoransa ma ga su. Lawali ya yi dariya ya waiwayi 'yan kasuwa.

"Ku ji wa za ya ba ni shaida! Illo Ga-ta-ƙasa! Kai da ka ga abin da mutum ɗari biyar ba su gani ba?" Aka kwashe da dariya, wani ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tsalle yana nuna ƙasa. Lawali ya ɗaga murya ya ce, "Zalɓe, don Allah zo duba mini bakin ragon ga."

Sila ya zo ya buɗe bakin rago. Shekara biyu ne cif. Ya faɗa, Lawali ya saya nan take ba gardama. Illo ya dube shi kawai, ya naɗe igiyarsa ya tafi. Kafin a tashi kasuwa Sila ya ji sauran labarin ba tare da ya tambaya ba, don abin dariya ne kowa na son bayarwa. Uban Illo dillali ne a Gabi, kakansa ma haka, amma shi sana'ar ta ƙi shi, don ba mai sayen dabba a kan maganar mutumin da aka sani da ƙirƙira. Ba a kiransa shaidar ciniki, ba a kiransa shaidar iyakar gona. Ko wata ya ce ya gani, sai an aika wani ya sake dubawa. Kuma ya ƙi janye maganarsa, shekara goma duk wanda ya tsokane shi sai ya tsaya ya sake rantsewa ta taɓa.

Sila ya koma gida. Washegari da hantsi Alisabatu na tankaɗen dusa a tsakar gida, ya zo ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya sau uku.

"Uwar Febi, akwai wata magana da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ranar wasan Gabi, ranar tunkiya..."

"Ƙahwarka ta taɓa ƙasa," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. "Wa ya hwaɗa miki?"

"Ina wurin, Baban Febi. Ni da Kulu da Indo muna bakin tsamiya da tulunanmu. Ku maza kuna kallon tunkiya, mu muna kallon samari. Rabin matan garin ga sun gani."

"Kuma ba wadda ta yi magana?"

"Wa ya tambaye mu?" Ta kaɗa rariya. "Ni cewa na yi bari in aure shi in ga ranar da za ya hwaɗi da bakinshi. Ban san za ni haihi huɗu ina jira ba."

Mutum ya yi shekara goma yana ɓoye abu a ƙirjinsa, ashe a bakin rijiya an gama da shi tun a makon. Kunya ta kama Sila irin wadda bai taɓa ji ba. Amma ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa in abu ya dame shi, abin da ya fara zuwa masa shi ne a yi ciniki. Ya zaɓi tunkiya mafi kyau cikin jikokin waccan, 'yar uda ita ma, ya ja ta zuwa Gabi.

Ya sami Illo a ƙofar gida yana tufkar igiya. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da ɗumi. Sila ya ɗaure tunkiya a jikin danga ya tsuguna.

"Malam Illo, ta taɓa. Kai ka yi gaskiya. Ga tunkiyarku na maido."

Illo ya ci gaba da tufka. Sannan ya ce, "Albarka."

Sila ya san wannan kalma, da ita yake korar tayin da bai kai ba kullum. Ya ce to zai haɗa da rago. Illo ya ce albarka. Ya ce da raguna uku na turke, waɗanda alhazan Maraɗi suka riga suka yi magana a kansu. Albarka. Sila ya yi ta ƙara tayi, mai sayarwa ya koma mai taye, har ya kai ga cewa duk abin da ya fito daga cikin tunkiyar nan, garken gaba ɗaya, a zo a kora. Da gaske yake, kuma shi kansa sai da ya tsorata da jin abin da ya fito daga bakinsa.

Illo ya ajiye igiya. "Ɗan Toma, in na shiga gari da garkenka, mi za a ce? Za a ce Ga-ta-ƙasa ya koma sata. Ni ba tumaki ka ɗaukar mini ba."

"To mi kake so?"

"Jibi kasuwar Gabi. Ka zo wurin dabbobi, rana tsaka, ka hau bisa abu mai tsawo. Abin da ka hwaɗa mini yanzu, ka hwaɗa ma mutane."

Sila ya ce ko a tara dattawa biyar a zaure. Illo ya ce ba a zaure aka yi masa dariya ba. Sila ya ce to ya ɗauki mai shela ya biya shi ya zagaya gari. Illo ya ce ba mai shela alƙali ya tambaya ba. Sila ya kwance tunkiyarsa ya kama hanya, kuma gaskiyar magana, da Illo ya karɓi garken da ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Tumaki suna haihuwa. Sunan da alhazai ke aiko da kamyo saboda shi, wanda ake miƙe masa a majami'a saboda shi, wanda 'ya'yansa ke taƙama da shi a lakkwal, wannan bai san yadda ake sake kiwonsa ba. Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Alisabatu ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce kada ka je ba, ta dai wanke masa rigarsa ta Lahadi ta shanya a inda zai gani.

Ranar kasuwa ya isa Gabi rana na tsaka. Wurin dabbobi ya cika maƙil saboda layya, ga mutanen Sarkin Yamma, ga na Ɗan Issa, ga 'yan Madarunfa da yawa fiye da yadda ya so. Ya hau kan wani amalanke da aka jingine. Bai buɗe baki ba wani makaɗi ya hango shi, ya rugo da kalangu yana zuba kirari, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, baki bai taɓa ƙarya ba, jama'a suka taru suna tafi, a zatonsu raguna ya kawo masu araha. Sila ya ɗaga hannu a yi shiru, makaɗi ya ɗauka ƙari ake nema ya ƙara wuta. Sai da Illo ya zo da kansa ya dafe fatar kalangun.

Muryar Sila ta fito siririya. "Jama'a, wasan da munka yi da Gabi shekara goma da sunka wuce..."

"Ba mu ji!" in ji wani daga baya.

Ya ɗaga murya, irin yadda yake jan waƙa a majami'a. "Ƙahwata ta taɓa ƙasa! Illo ya ture ni, na saki, ta taɓa, na sake kamawa. Alƙali ya tambaye ni na yi shiru. Gabi ce ta ci wasan. Illo bai yi ƙarya ba, ni na bari anka maishe shi maƙaryaci."

Wani ɗan Madarunfa ya yi ƙoƙarin ceton gari, ya ce rana ce ta bugi Zalɓe, a kawo ruwa. Wani ya ce Illo ne ya yi masa asiri. Sai wani tsoho ɗan Gabi ya ce, to ai ku kuka ce bakinsa bai taɓa ƙarya ba, yanzu kuma za ku ƙaryata shi? Samarin Gabi, waɗanda ranar wasan wasunsu ko wando ba su fara sawa ba, suka ɓarke da sowa suna tsalle da ƙafa ɗaya, suna cewa sun ci Madarunfa. Makaɗi ya dubi Sila, ya dubi taron, ya lissafa inda abincinsa yake, ya juya ya bi samarin.

Sila ya sauko daga amalanke da ƙyar saboda gwiwa, ba wanda ya miƙa masa hannu. Mutanen garinsu suka kau da kai. Lawali mahauci, wanda ya zo da niyyar ɗaukar raguna biyu a wurinsa, ya matso ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ma sai an buɗe bakinka an duba." Ya wuce wurin wani dillali. Maganar ta shige shi sosai, don ya san daga yau haka za a riƙa yi, kuma ya san bai da bakin cewa an zalunce shi.

Illo yana tsaye a gefe. Bai yi sowa ba, bai bi samari ba. Can ƙasan kasuwa gardama ta kaure tsakanin wani Bafillace da mai sayen jaki, ɗaya na cewa an sallama, ɗaya na cewa ba a sallama ba, ana neman wanda ke kusa lokacin da aka yi cinikin. Sila ya ji an fara cewa a kira Zalɓe, sai maganar ta mutu a bakin mai yin ta. Sannan tsohon nan ɗan Gabi ya ɗaga sanda ya ce, "Illo na wurin ɗazu. Illo! Zo ka hwaɗa muna abin da ka gani."

Illo ya waiwaya bayansa ko da wani Illon ake. Da ya ga shi ɗin ne, ya goge fuska da hannun riga, ya gyara hula, ya bi ta gaban Sila. Ya ɗan tsaya, ya dafa masa kafaɗa sau ɗaya ya wuce. Mutane suka buɗa masa hanya.